Shekara uku yana kaɗa kuskure ɗaya: nazarin lamarin wani mai koyon jita

Ƙorafi ɗaya ya kawo shi wurina. Shekararsa uku yana koyon jita, amma shekara ɗaya da rabi na ƙarshe yana nan inda yake, ba gaba ba baya. Magidanci ne, ya ɗan haura talatin, ma'aikaci mai fita da safe ya dawo da yamma. Bai taɓa zama gaban malami ba, duk abin da ya iya daga bidiyon YouTube ya kwaso shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake da yardarsa nake ba da labarin.

Abin da ya sa na ga lamarinsa ya isa a rubuta shi ne, mutumin ba rago ba ne. Kusan kowane dare sai ya yi awa ɗaya da rabi rungume da jita. Kan yatsunsa na hagu duk sun yi kanta, kuma kanta ba ta ƙarya. Da a ce lalaci ne matsalarsa, da babu abin nazari a ciki.

"Malam, ina ganin iyakar baiwata ke nan," ya ce da ni a zamanmu na farko. "In har akwai abin da ya rage, ai da ya fito."

Ya ɗaga jita zai kaɗa mini, na ce ya dakata. Abin da ɗalibi zai kaɗa wa malami kwalliya ce, ni kuwa abin da yake yi idan ba kowa a ɗakin nake son gani. Na roƙe shi ya jingine wayarsa a gabansa ya ɗauki bidiyon atisayensa dare uku a jere, kada ya canza komai don zan gani.

Abin da bidiyon ya nuna

Na zauna da takarda da biro na kalli daren farko daga farkonsa har ƙarshe. Minti ashirin da biyar na farko sun tafi a kan waƙoƙi uku da ya riga ya iya tun bara, yana kaɗawa yana gyaɗa kai. Kusan minti goma ya yi yana shafa waya, yana neman wani sabon darasi. Sauran lokacin ya ba wa waƙa ɗaya da ya yi wata biyar yana fama da ita.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da hannun hagu zai tashi daga kamun C ya koma kamun F. Ga wanda bai san jita ba, kamu shi ne yadda yatsu ke danne tsirkiyoyi da yawa lokaci guda don su ba da sauti mai jituwa. Shi kamun F ya yi ƙaurin suna wajen masu koyo, domin manuniya ce za ta kwanta a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya a mataki na farko na wuyan jita, wato gurbin farko cikin waɗanda ƙananan ƙarafa suka raba wuyan, inda tsirkiya ta fi tauri, sauran yatsu uku kuma kowanne ya nemi gurbinsa. Mutane da yawa a nan suke ajiye jita su ce ba rabonsu ba ne.

Duk lokacin da ya iso wurin, sai kiɗan ya tsaya cak na ɗan lokaci, yatsu su yi lalube, sannan sautin ya fito da zuza. Daga nan abu biyu yake yi. Ko dai ya wuce kamar ba abin da ya faru, ko ya yi tsaki ya koma farkon waƙa. Na ƙirga: a daren nan ya iso wurin sau 23, sau 4 kacal ya fita da tsabta. Mabuɗin waƙar kuwa, wanda ba shi da matsala da shi, ya kaɗa shi fiye da sau 40, saboda komawa farko da yake ta yi. Shi ya sa mabuɗin nan ya yi daɗi ƙwarai, kai ka ce wani mutum ne daban yake kaɗa shi.

Sauyin kamun nan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ke nan a cikin minti casa'in, lokacin da hannunsa ya yi a kan ainihin abin da ya gagare shi bai kai rabin minti ba, kuma mafi yawan wannan ɗan lokacin ma kuskure yake maimaitawa. Hannu ba ya bambanta daidai da kuskure. Abin da aka yawaita yi masa shi yake riƙewa. Sau 19 aka koya masa tsayawa da lalube, sau 4 aka koya masa wucewa, to wanne zai ɗauka?

A zama na biyu na gwada shi da wani abu. Na ce ya ajiye jita ya rera mini karin waƙar da baki. Da ya zo daidai wurin, sai ya ɗan ja numfashi ya tsaya, sannan ya ci gaba. Bai ma san ya yi ba. Tsayawar ta riga ta zama wani ɓangare na waƙar a kunnensa. Wannan ya fi zuzar tsirkiya damuna, don gyaran kunne ya fi gyaran yatsa wuya.

Gardamar awa dubu goma

Da na ce masa zan rage lokacin atisayensa zuwa minti arba'in, sai ya yi turus. Ya ce shi ya ji an ce sai mutum ya cika awa 10,000 kafin ya ƙware, yanzu kuma ina cewa ya rage?

Maganar nan ta yaɗu ƙwarai, amma an yanke mata rabi. Asalinta wani bincike ne da Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1993, a kan ɗaliban bayolin, wato gogen Turai, a wata babbar makarantar kiɗa da ke Balin a Jamus. Sun kasa ɗaliban gida uku, goma-goma. Zuwa shekara 18 da haihuwa, rukunin da ya fi ƙwarewa ya tara matsakaicin awa 7,410 na atisaye, na biyu 5,301, na uku kuma, masu shirin zama malaman kiɗa, 3,420. Kusan awa 10,000 ɗin adadin da na farkon suka kai ne wajen shekara ashirin, matsakaici ne kawai, ba wata ƙofa ba ce da ke buɗewa idan an cika lamba. Abin da aka manta da shi kuma shi ne irin atisayen da Ericsson ke nufi: wanda mutum ya nufi wani rauni takamaimai, yana sane da sakamakon kowane gwaji, yana gyarawa nan take. Irin wannan yana da gajiyarwa, shi ya sa manyan ɗaliban nan kimanin awa uku da rabi suke yi a rana, a rarrabe, kuma sun fi sauran yin barcin rana. Kaɗa waƙar da ka iya don jin daɗi ba ta cikin lissafin.

Ni binciken da na fi dogara da shi a lamarinsa ƙarami ne, bai yi suna kamar wancan ba. A 2009, Robert Duke na Jami'ar Teksas da ke Ostin, tare da Amy Simmons da Carla Cash, suka ba ɗaliban fiyano 17, dukkansu masu nisa a karatu, wani ɗan gajeren yanki mai wuya daga kiɗan Shostakobich, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha. Aka ce kowa ya yi atisaye iya son ransa, gobe ya dawo a gwada shi. Wani bai kai minti goma ba, wani ya kusa awa guda. Da aka jera su washegari, tsawon lokacin da mutum ya yi bai nuna matsayinsa ba, yawan maimaicin ma haka. Abin da ya raba ukun da suka fi kowa da sauran shi ne yadda suke yi da kuskure: suna gano ainihin inda yake da abin da ya jawo shi, su rage sauri, su yi ta maimaita wurin har ya zauna daidai. Sau da yawa ma sukan sassauta tun kafin su kai wurin, don kada kuskuren ya sake faruwa. Na karanta masa wannan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ni duk abin da bai kamata ba shi nake yi."

Abin da muka canza

Farko muka ciro wurin daga cikin waƙa. Bugu biyu kafin sauyin, bugu biyu bayansa, shi ke nan. Na hana shi taɓa mabuɗin waƙar har mako biyu.

Sai muka nemi sanin me ke lalacewa, don "F ɗina ba ya fita" ba bayani ba ne, kuka ne. Na sa ya yi sauyin a hankali ƙwarai ina kallon hannunsa, sai ga abu uku. Yana ɗaga yatsunsa duka sama ya sake jera su ɗaya bayan ɗaya. Alhali yatsa na uku, mai bin ƙaramin yatsa, a kamun C yana kan tsirkiya ta biyar mataki na uku, a kamun F ma nan ne gurbinsa. Ba ya bukatar motsi ko kaɗan. Yatsan tsakiya kuma tsirkiya ɗaya kawai zai sauka, daga ta huɗu zuwa ta uku, a mataki guda. Shekara uku yana tayar da yatsan da ya riga ya isa gida yana sake nemar masa hanya. Da na nuna masa, dariya ya yi ta yi, irin dariyar da ke da ɗan takaici a ciki. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Na biyu, babban yatsansa na rataye a saman wuyan jita, ba ya komawa baya lokacin da manuniya za ta kwanta, don haka ba ta da abin dogara. Na uku, yana matsa tsirkiya da ƙarfin da ya wuce kima, har gindin babban yatsan nasa na ciwo, shi kuma yana ɗaukar ciwon alamar ƙoƙari. Na sa shi ya kama F, ya riƙa sassauta hannu a hankali har sautin ya fara zuza, sannan ya ƙara ɗan matsi kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan, kuma bai kai rabin wanda yake sawa ba. Muka ɗan mirgina manuniya ta kwanta da gefenta mai ƙashi, kusa da ƙarfen matakin.

Daga nan sai metironom, na'urar nan mai ƙidaya bugu wadda Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, yau kuma tana cikin kowace waya kyauta. Waƙar tana tafiya a bugu 96 a minti. Muka fara daga 50. Ƙa'idar da na ba shi: sau biyar a jere da tsabta, sannan ya ƙara bugu huɗu. In ya yi kuskure, ƙidaya ta koma sifili, in ya yi biyu a jere, ya rage sauri. Lambar biyar ɗin nan al'adata ce kawai, wani malamin zai ce uku, wani bakwai. Amfaninta shi ne ta juya lissafin nan na 19 da 4.

Na kuma ce ya riƙa sauke hannu na daƙiƙa goma bayan kowane 'yan maimaici, ya zauna kawai. Ya ga kamar ɓata lokaci ne. Amma wani bincike da aka yi a Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, aka wallafa a 2019, ya sa mutane koyon danna jerin lambobi da yatsu, daƙiƙa goma aiki daƙiƙa goma hutu, sai aka ga yawancin ci gaban farko a lokacin hutun yake samuwa. Haka batun barci. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun ga saurin yatsu a irin wannan gwaji ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba, alhali awanni goma sha biyu a farke ba su kawo wani canji na a zo a gani ba. Danna lambobi ba kaɗa jita ba ne, kuma ban ɗauki waɗannan alƙaluma na ɗora wa ɗalibina ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne in ce masa: in wuri ya ƙi zama yau, kada ka kwana kana dambe da shi, bar shi ka duba gobe. A ƙarshen mako na farko ya aiko mini da saƙo cewa abin da ya gagare shi a bugu 62 daren jiya, yau ya fita a gwajin farko.

Inda na yi kuskure

Mako biyu abubuwa na tafiya. A na uku bidiyo ya daina zuwa. Na jira kwana biyar, na kira shi.

"Malam, gaskiya jitar ce ba na marmarin ɗauka," ya ce. "Da can in na dawo aiki ita ce hutuna. Yanzu ta zama wani aikin."

Laifina ne wannan. Na kalli minti ashirin da biyar ɗin nan da yake kaɗa tsofaffin waƙoƙinsa na kira su asara, na soke su. A lissafin ci gaba asara ce, amma su ne suka riƙe shi shekara uku bai ajiye jita ba. Na cire masa dalilin da ya sa yake koyo, na bar shi da magani zalla. Ɗaliban Balin sana'a suke nema, za su jure atisaye marar daɗi don akwai abin da suke hango. Shi kuwa mutum ne da ke son ya ji sauti mai daɗi na fita daga hannunsa bayan wunin aiki. Na ɗauko tsarin waɗancan na ɗora masa ban rage komai ba.

Muka sake tsari. Minti ashirin da biyar na aiki, sannan ya kashe metironom ya kaɗa abin da ransa ke so har ya gaji, ba ruwana da tsawonsa. Sharaɗi ɗaya: waƙar da muke gyara ba ta shiga wannan lokacin, don kada ya koma ciyar da tsohon kuskure.

Akwai kuma wata matsalar da ta taimaka wajen kashe masa gwiwa, wadda bai faɗa ba sai da na tambaya. Ya maƙale a bugu 72, kwana da kwanaki. Wannan ma akwai hannuna a ciki, don na nuna masa kamar hawa a hankali kaɗai zai kai shi 96. Ba haka ba ne. Gudu ba tafiya ba ce da aka ƙara wa sauri, motsin ƙafa ma daban ne. A hankali, yana da lokacin sa yatsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ji ba. A cikakken sauri dole su sauka tare, hannu ya ɗauki siffar F tun yana iska. Sai na ƙara masa wani gwaji: ya sa metironom a 96, ya yi sauyin sau ɗaya tak, bugu ɗaya kafin da bugu ɗaya bayan, ya tsaya ya huta, ya sake. A hankali don tsabta, a guje a taƙaice don hannu ya san inda za shi. Cikin kwana huɗu ya wuce 72.

A lokacin ne kuma na raba masa minti ashirin da biyar ɗin gida-gida: biyar a kan sauyin F, biyar a kan wani wurin da hannun damansa ke rikicewa, biyar a kan wani abu na uku, sannan ya sake zagayowa. Bai so ba, ya ce da ya fara kama abu sai in ce ya bar shi, in ya dawo kuma kamar an ɗan goge. Gaskiya ya faɗa, kuma gogewar ce ake so. Tun 1979 John Shea da Robyn Morgan suka nuna cewa masu koyon motsi a cakuɗe sun fi fama a lokacin koyo, amma da aka gwada su daga baya sun fi waɗanda suka yi ta nanata abu ɗaya riƙewa. Wanda ya maimaita abu sau talatin a jere, daga na biyar hannu ne kawai ke tafiya, hankali ya tafi wani wuri. Wanda ya bari ya dawo kuwa dole ya sake lalubo shi daga ƙwaƙwalwa, kuma ranar kaɗa wa mutane abin da za a nema gare shi ke nan, don ba wanda zai ba shi gwaji talatin kafin na gaske.

A mako na shida aiki ya kai shi tafiyar kwana huɗu babu jita. Na ce kowane dare ya rufe ido minti biyar ya yi sauyin a zuci, yana jin inda kowane yatsa ke sauka, yana jin karin ba tare da tsayawar nan ba. Alvaro Pascual-Leone ya gwada irin wannan a 1995 da masu koyon wani ɗan darasin fiyano na yatsu biyar, ya ga sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sauya har a wajen waɗanda suka yi a zuci kawai, ko da yake masu taɓa fiyanon sun fi su iyawa. Ɗalibina ya dawo bai ci gaba ba, bai kuma koma baya ba.

Mako na goma da abin da ya biyo baya

Na sake neman bidiyon dare ɗaya cikakke. Ya iso wurin sau 12 a bugu 96, sau 11 da tsabta. Zuza ta tafi, ciwon babban yatsa ma ya daina. Na sa ya rera karin da baki, ya wuce wurin bai ja numfashi ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Bayan kwana kaɗan wasu abokansa suka ziyarce shi, ya ɗauko jita zai nuna musu. Da ya zo wurin, tsohuwar tsayawar nan ta dawo daram, kamar ba a taɓa korar ta ba. Ya kira ni ransa a ɓace. Na ce masa ba a goge tsohon sabo, sabon ne ake ɗorawa a kansa, kuma na wata biyar ya fi na mako goma zurfi. Idan ido ya yi yawa, gaba ya faɗi, hannu kan koma ga wanda ya fi daɗewa da sani. Ban da haka, mako goma ina horar da shi ya tsaya duk inda ya yi kuskure. Gaban mutane kuwa ba a tsayawa. Wannan wata ƙwarewa ce daban, ban koya masa ita ba.

Don haka muka ƙara abu na ƙarshe. Kowane dare, kafin ya fara komai, hannu bai yi ɗumi ba, zai kunna kyamara ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe sau ɗaya, ko me ya faru ba tsayawa ba komawa. Sai ya kalla, ya rubuta wuri ɗaya da ya fi muni, wannan wurin shi ne aikin daren. Sau ɗaya a mako kuma ya samu mutum, ko waye, ya zaunar da shi ya kaɗa masa.

Ya sake tambayata kwanan baya ko yanzu ina ganin yana da baiwa. Na ce masa atisaye ba shi ne komai ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Wani nazari da Brooke Macnamara da abokan aikinta suka yi a 2014, inda suka tattara bincike masu yawa, ya nuna atisaye mai manufa yana bayyana kimanin kashi 21 cikin ɗari ne na bambancin da ke tsakanin makaɗa. Sauran yana wajen wasu abubuwa, kuma ba duka ne ke hannun mutum ba. Amma abin da ya tsayar da shi shekara ɗaya da rabi yatsa ne da yake ɗagawa ba dalili, wannan kuwa mun gani da idonmu a bidiyo.

Tsayawar tana leƙowa har yanzu, kamar sau ɗaya cikin goma idan akwai mai saurare. A zamanmu na makon jiya ya zo da sabuwar waƙa a takarda, ya zagaye wurare uku da fensir tun kafin ya kaɗa ta har ƙarshe ko sau ɗaya. Ɗaya daga cikinsu wani kamun ne mai kwantar da manuniya, a mataki na biyu. Metironom ɗinsa na kan 56.